Ɗigon Malama Fensir

In kuka shigo gidanmu kuka tarar ana dariya an ambaci magogi, to zancen goggona ake yi. Yanzu abin dariya ne. Amma akwai wasu kwanaki tara da babu wanda haƙorinsa ya fito a gidan, kuma su nake so in ba ku labari. Sai dai ku bari in fara gaya muku wace ce ita, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da ya sa ta yi shiru ba.

Ƙanwar mahaifina ce. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, kullum kamar an aike ta kuma an ce kada ta daɗe. Shekara ashirin da bakwai tana koyar da Larabci a wata makarantar kwana ta 'yan mata, irin wadda ake hadda da sassafe, a shiga aji da hantsi. Darussanta biyu ne, sarfu da insha'i. Sarfu, ga wanda bai taɓa zama a irin wannan aji ba, shi ne sanin yadda ake ƙera kalma: a ɗauki haruffa uku na asali, a zuba su a ma'auni, a fitar da mai aiki, da wanda aka yi wa aiki, da wurin aiki, da jam'i. Insha'i kuwa shi ne inda ake ce wa yarinya, to, rufe littafin, rubuta mana naki, mu ga abin da ya zauna.

Goggo takan ce a baki kowace yarinya malama ce. In aka ce su jero ma'aunai, sai aji ya ɗauka baki ɗaya har na waje ya ɗauka an gama da Larabci. Amma ka ce su rubuta layi goma a kan ɗakin kwanansu, nan za ka sha kallo. Wadda ta so ta ce alƙaluma sai ta rubuta ƙalamat maimakon aƙlam, don ta ga wutsiyar "at" ta yi aiki a wata kalma, sai ta bi kowace kalma tana liƙa mata. Kowace shekara sababbin ɗalibai da wannan ciwon suke zuwa, har Goggo ta sa masa suna murar baƙunta, wai sai kowa ya yi ta kafin ya saba da wuri. Wata kuma ta so ta ce ita ce mai rubuta wasiƙa, sai ta ce ita ce aka rubuta. Goggo ta kira ta, ta tambaye ta a hankali wane ambulan za a sa ta a ciki, tunda dai ita ce wasiƙar.

Abin da ya bambanta ta da sauran malamai shi ne ba ta taɓa riƙe jan biro ba. Dalilin ya samo asali tun tana 'yar shekara goma sha uku. Ta rubuta insha'inta na farko, shafi biyu cur a kan kakarta, tana ta murna. Littafin ya dawo mata ja wur, an ja layi, an zagaye, an soke, har takardar ta huje a wuri ɗaya. Ta ce ba ta ma karanta gyaran ba, rufe littafin ta yi ta cusa shi ƙarƙashin katifa. Shekara guda bayan nan ba ta sake rubuta jimlar da ta fi kalma huɗu ba, kuma kalmomin da ta tabbata da su kaɗai take sawa. Makinta ya hau, malamin ya yaba mata. Ita kuwa ta san tsoro ta koya, ba Larabci ba.

Shi ya sa da ta zama malama ta kafa tata hanyar. A ajinta da fensir ake rubuta insha'i. In ta karɓi littattafai, ba ta gyara ko harafi ɗaya. Layin da ta ga an ƙera kalma ba daidai ba, sai ta ɗiga masa ɗigo ɗaya da fensir a gefe, shi ke nan. Ba za ta gaya miki wace kalma ce ba. Ke za ki zauna ki bi layin, ki kwance kowace kalma ki mayar da ita asalinta, har ki kama ɓarauniyar. In kin kama, ki goge ki rubuta daidai, ki kawo mata. Ta duba, ta gyaɗa kai, sannan ki goge ɗigon da hannunki a gabanta. Doka ɗaya ce tak a ajin: ba a goge ɗigo sai a gaban idon Malama. Saboda haka a ajinta, littafin da ya fi kowanne tsabta shi ne wanda aka fi shan wahala a kansa. 'Yan mata suka sa mata suna Malama Fensir, har sababbin malamai sukan yi wata guda ba su san ba shi ne sunanta na yanka ba.

Mijinta tela ne, shagonsa a gaban gida. Bayan la'asar takan kwaso littattafai ta zauna a ƙarshen teburin da yake yanka yadi, ta feƙe fensir da rezarsa, ta fara. Goggo tana da nauyin hannu, in ta ɗiga ɗigo kamar tana kafa ƙusa. Shekara da shekaru yana ƙorafin ta cika masa tebur da ramuka, wai in ya shimfiɗa yadi mai laushi har tsoro yake ji. Ita kuma ta ce ai sana'arsu ɗaya, haruffa uku su ne yadi, ma'auni shi ne yanka, yaranta dai riga suke ɗinka wa kalma da awon wata. Ya ce to shi in ya ɓata ɗinki ba ya ɗiga wa mai kaya ɗigo ya ce je ka nemo. Haka suke, kullum, kuma babu wanda ya taɓa cin wani.

Saura shekara biyu ta ajiye aiki sai tsohuwar shugabar makarantar, wadda ta san hanyarta ciki da waje, ta yi ritaya. Aka kawo sabuwa, matashiya mai himma, ba ta da mugunta ko kaɗan, amma mace ce mai son ta ga komai a rubuce da kwanan wata. Ba ta cika wata biyu ba sai ga takarda daga hukumar da ke kula da makarantu, za a turo sufeto ya duba aiki. Shugaba ta sa aka tattara littattafan rubutu na kowane aji, aka ƙirga, aka kulle a kabad ɗin aji, ta kuma yi shela a taron safe cewa duk ɗalibar da ta buɗe kabad kafin sufeto ya zo, za a kore ta na mako uku.

Ajin ƙarshe, 'yan mata talatin da huɗu, saura musu mako shida su zana jarrabawar fita. Littattafansu cike suke da ɗigon makon nan da na makon jiya, don Goggo ta matsa musu lamba. Makullin kabad yana hannun monitar ajin, wata yarinya mai tabarau, mai yawan tunani. Ita ce ta zauna ta yi lissafin da ya jawo mana kwana tara. A ganinta da na 'yan ajin, ɗigo abin kunya ne, littafi mai tsabta kuma shi ne abin alfahari, haka suka taso tun aji ɗaya. Ta ce yanzu baƙo ya zo ya buɗe ya ga ɗigo rututu, ai zai ce Malama ba ta iya koyarwa ba. Ranar hutun mako da hantsi suka buɗe kabad, suka baje a ƙasan aji, mai ƙoƙari tana taya mai rauni farauta. Abin da suka kama suka gyara. Da aka kaɗa ƙararrawar cin abinci ba su gama ba, sai suka bi sauran ɗigon da magogi, gyararre da wanda ba a gyara ba, suka share tas. Suka share ɓurɓushin magogi da tsintsiya, suka kulle kabad, suna jin sun yi wa Malamarsu abin arziki.

Sufeto dattijo ne mai furfura a gemu, ba mai hayaniya ba. Ya zauna a ofishin shugaba, aka jibge masa littattafai. Na lissafi ja, na tarihi ja, na nahawu ja da sa hannu da kwanan wata. Ya zo kan na insha'i, ya buɗe ɗaya, ya buɗe biyu, ya buɗe goma. Tun daga shafin farko har na ƙarshe babu alamar wani malami ya taɓa ɗora ido a kai. Kuma shi ma ya san Larabci. Bai yi nisa ba ya ci karo da ƙalamat zaune daram a tsakiyar layi, babu wanda ya ce mata ci kanki. Ya sa aka kira Goggo.

Ta ce tana buɗe littafin farko ta gane abin da ya faru. Ta san shafin, ta san ta ɗiga masa ɗigo uku ranar Laraba. Ta duba gefen takardar ta ga ya ɗan yi haske irin na wurin da aka goge. Sufeto ya tambaye ta ko tana duba aikin ɗalibai. Ta ce tana dubawa. Ya ce ina alama. A ranta ta dubi kabad ɗin da aka hana buɗewa, ta dubi mako ukun da za a cire daga mako shida, ta tuna mai tabarau, wadda mahaifinta direba ne da ke zuwa ziyara da motar haya ya tsaya a bakin ƙofa yana gaya wa mai gadi 'yarsa za ta zama malama.

"Babu alama, ranka ya daɗe," in ji ta.

Malamai biyu sun yi ƙoƙarin yi masa bayanin ɗigo. Ya saurare su da kyau, sannan ya ce to ina ɗigon, shi abin da ya gani zai rubuta. Aka yanke cewa kwamiti zai zauna bayan kwana tara. Abin da ake shirin yi ba ɓoyayye ba ne: a cire ta daga aji, a mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai ta ƙarasa shekarunta biyu tana jera kaya, a kuma sa takarda a fayil ɗinta cewa ta yi sakaci da aiki. Kafin nan aka ce ta zauna a gida.

Ban taɓa ganin Goggo tana tafiya a hankali ba sai a kwanakin nan. Bayan la'asar takan fito shago bisa sabo, ta zauna a ƙarshen tebur, babu littafi a gabanta. Mahaifina ya zo ya yi faɗa, ya ce shi zai je makarantar da kansa. Ta ce Yaya, don Allah ka bari. Ya ce taurin kanta tun tana goye yake, ya tafi yana mita. Haka aka yi kwana huɗu. A na biyar tela yana shafa tebur zai shimfiɗa yadi, sai hannunsa ya tsaya a kan ramukan nan da ya yi shekaru yana kuka da su.

"Malama," ya ce, "hannun da ya huda katako, takarda ce za ta gagare shi? Ki ce su juya shafin su shafa bayansa mana."

"Na sani tun ranar."

"Kin sani kika zauna kina kallona?"

"In na nuna musu gurbin ɗigo, tambaya ta gaba ita ce wa ya goge. Ni na ci jarrabawata tun kafin a haife su. Su ba su ci tasu ba."

Ya ajiye yadin. Sannan ya ce to Allah ya kyauta, amma shi dai a ganinsa wannan karon ita ce ta ɗinka riga da awon wata. Ya san maganar ta shiga, amma ba za ta motsa ba.

A makaranta an gaya wa 'yan mata cewa Malama ba ta jin daɗi. Wani malami ya riƙe musu ajin, ya ba su insha'i a takarda, ya mayar musu da ita ja wur. Suka yi ta juya takardun kamar an ba su wasiƙa da wani harshe. Wadda ta fasa ƙwan ita ce dattijuwar da ke kula da ɗakin kwanansu, suna kiranta Inna. Ta same su suna shanya suna tattauna abin da za su kai wa Malama na dubiya, ta ce ku dai ku yi ta shirme, matar da ake shirin kaiwa sito saboda an ce ba ta taɓa duba muku littafi ba. Inna ta ce tana faɗa ta ga mai tabarau ta saki zanin da take matsewa ya faɗi cikin ƙasa.

Ranar zaman kwamiti da safe Goggo ta sa mayafinta mai ruwan toka, tela ya rufe shago ya raka ta har bakin ƙofar makaranta, ya zauna a benci wurin mai gadi. A ofis akwai shugaba, da sufeto, da mutum biyu na kwamiti, littattafan nan talatin da huɗu a kan tebur. Ba a gama karanta rahoto ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai tabarau ce, bayanta kuma baranda cike da 'yan ajin, sun jeru shiru. Ta faɗi komai, ta ce ita ta buɗe kabad. Wata daga baya ta ce ita ta riƙe mata ƙofa. Wata ta ce magoginta aka fara amfani da shi. Kafin shugaba ta ce uffan, kowace ta faɗi nata kason, har wata ta ce ita tsintsiya ta kawo.

Sufeto bai ruɗu ba. Ya ce ya daɗe a wannan aiki, ya ga ɗalibai sun tsaya wa malamin da suke so fiye da sau ɗaya, kuma so ba hujja ba ne. Ya ce in an goge, ai an goge.

A nan Goggo ta numfasa, irin numfashin wanda ya sauke tulu. Abin da take karewa ya riga ya fito da ƙafarsa, babu sauran abin ɓoyewa.

"Ranka ya daɗe, ka juya shafin, ka shafa bayansa ta gefe."

Ya juya, ya shafa. Ya ɗaga gira. Ya tashi ya je bakin taga, ya karkata takardar ga hasken safe. Ga su nan a jere daga sama har ƙasa, ƙananan ƙuraje, kowanne daidai da layinsa. Ya koma shafin farko na zangon, suna nan. Ya ɗauki wani littafin, ya ɗauki wani. A wani shafin ma ɗigon ya ratsa har takarda ta uku. Ya nemo shafin nan mai ƙalamat, ya shafa bayan layin, ya ji ƙurjin a ƙarƙashin yatsansa. Shugaba ita ma ta ɗauki ɗaya tana shafawa, 'yan kwamiti suka bi sahu, ofis ya yi tsit, manya huɗu suna ta shafa takarda kamar masu zaɓen yadi.

Da ya dawo kujerarsa sai ya tambaye ta me ya hana ta faɗi wannan tun ranar farko. Ta waiga ta dubi ƙofa. Ya dubi 'yan matan da ke baranda, ya dubi shugaba, bai sake tambaya ba. Ya jawo rahotonsa ya soke sakin layi guda, kuma Goggo ta lura da baƙin biro ya soke.

Saura maganar kora. Shugaba ta ce doka doka ce, amma ba ta ga yadda za ta kori ajin ƙarshe gaba ɗaya ana saura mako biyar jarrabawa ba, ba ta kuma ga yadda za ta kori mutum ɗaya a laifin mutum talatin da huɗu ba. Ta ce tunda dokar Malama ma sun karya, ba tata kaɗai ba, to Malama ta yanke. Goggo ba ta yi wata-wata ba. Ta ce kowace ta ɗauki littafinta, ta bi bayan shafukan makonni biyun nan da yatsa, duk inda ta ji ƙurji ta mayar da ɗigon da hannunta, sannan ta zo su bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, kuma babu mai fita hutun rana sai an gama. Mako guda suka yi a kai. Mai tabarau ta ce da an kore su ma da sun fi hutawa.

An kafa mata sharaɗi ɗaya. Duk littafin da ta duba, ta sa hannu da kwanan wata a ƙasan shafi, da biro. Ta nemi a bar ta ta yi da fensir, shugaba ta ce Mama, ki rufa min asiri. Suka daidaita a kan shuɗi. Da ta fito bakin ƙofa, tela ya miƙe daga benci, bai tambaye ta komai ba, don ya hango tafiyarta tun daga nesa, ta koma ta wadda aka aika. Sai da ya yi ɗan gudu kafin ya cim mata.

Ta ƙarasa shekarunta biyu a aji. Ta ajiye aiki yanzu, amma yaran unguwa masu karatun Larabci suna kawo mata littattafai idan sun zo hutu, tana nan a ƙarshen tebur bayan la'asar. Shuɗin biron na tela ne, wanda yake rubuta awon mutane da shi, ya ɗaure shi da zare a ƙafar keken ɗinki don kada ta tafi da shi, sai ta miƙa hannu ta jawo in za ta sa hannu. Kwanaki wani kafinta ya zo karɓar ɗinki, ya shafa teburin ya ce ai wannan ya ci, a bari ya kankare saman ya yi masa sumul. Tela ya ce a'a, a bar masa kayansa haka.